Abin da Na Faɗa a Tashar Motocin Gella

Na san abin da ake gaya muku idan kun je Gella gaisuwar Sallah. Ba a faɗa muku kai tsaye, amma kuna ganinsa a yadda 'ya'yan Bappanku Buba suke miƙo muku hannu suna kallon gefe. Halima ta taɓa dawowa daga can da kuka, ta ce wata mata a bakin rijiya ta nuna ta ta ce, ga 'yar wanda ya tona asirin ƙaninsa da lasifika don gwamnati ta ƙara masa girma. Ranar cewa kawai na yi ta je ta wanke fuska. Na daɗe ina niyyar zaunar da ku in yi bayani, amma ni mutum ne da in na buɗe baki sai in fara gyara maganar tun kafin in gama ta, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daidai ba. Tsufa yana cin tunani, kuma akwai abubuwan da ni ma ji na yi. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda ban tabbata ba kuma zan faɗa.

Buba ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka kai makaranta har na yi jami'a, na dawo na kama aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɓangaren wayar da kan jama'a. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi mota, har ya samu ƙaramar bas yana jigila tsakanin Gella da Mubi. Mutum ne mai dariya da saurin yanke shawara, abin da ni Allah bai ba ni ba. Malam Wataƙila yake kirana, ko a gaban baƙi, kuma ban taɓa jin haushi ba don gaskiya ya faɗa. Ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo Mubi muna zaune a Sabon Layi, ana jin harbi ta wajen barikin soja, mutane suna gudu da tabarmi a ka, ni kuwa ina tsaye a tsakiyar ɗaki ina juya ko tafiya ta fi ko zama ya fi. Mahaifiyarku ta riga ta goya Sadiku, ta riƙe sauranku a bakin ƙofa tana jirana. Sai ga bas ɗin Buba ta tsaya da ƙura, ya leƙo ta taga.

"Yaya, shiga mota. Ka yi tunanin a hanya."

Ya kai mu Gella ya juya. Ya yi ta komawa yana kwaso mutane, wanda ya sani da wanda bai sani ba, Musulmi da Kirista, har hanyar ta rufe. Da Gella ma ta daina zama wurin fakewa, ya koma ɗaukar tsofaffi da masu ciki zuwa wajen iyaka, inda mota take tsayawa ƙafa ta ci gaba. Ban ga ya kwanta ba a waɗannan kwanakin. A nan na fara ganinsa yana ɓare ƙwaya daga cikin leda yana korawa da ruwan jarka. Taramol ce, na gane ta tun daga nesa. Da na tambaye shi ya ce maganin gajiya ne, kowane direba yana sha. A halin da ake ciki babu mai hankalin da zai ce wa direba ya tsaya ya huta, ni ma ban ce ba. Ina so ku riƙe wannan kafin ku karanta sauran: ku da kuke karantawa, a cikin motarsa kuka fita daga Mubi da ranku.

Da muka dawo, garin bai dawo tare da mu ba. Shaguna a ƙone, gidaje a ɓalle, kowa yana tafiya yana waiwaye. Tayar mota ta fashe sai ka ga kasuwa ta watse. Ni kaina barci ya ƙaurace mini. Direbobi kuwa nasu ya fi namu. Shingen sojoji ya cika hanya, a sauke fasinja, a bincika kaya, a sake lodi, ga dokar hana fita tana jiran mutum da yamma. Lokacin da shinge ya cinye, da gudu ake ramawa, gudun kuma da ƙwaya ake yinsa. Buba ya rame, yana yawan gumi, yana faɗa da matarsa Adama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana na shiga motarsa zuwa Gella, ina gaba kusa da shi. Muna dosar mayo, wato rafi, na ga idonsa ya lumshe, motar tana jan gefe, sai da na dafa masa cinya ya farka ya fizgo sitiyari. Wata tsohuwa a baya ta yi salati ta ce,

"Direba, mu da bindiga bai ci mu ba, kai ne za ka zuba mu a mayo?"

"Mama, motar nan ta san hanya fiye da ni," in ji shi, mota ta kwashe da dariya.

Da muka sauka na ja shi gefe. Na ce ina ganin ƙila ya kamata ya ɗan rage abin nan, ko ya zo in haɗa shi da wani a asibiti, in yana so. Ya dafa kafaɗata ya ce Malam Wataƙila ya fara, ya juya yana kiran fasinjan Mubi. Na sake yi masa magana bayan nan, na kuma yi wa Adama, amma maganata irin wadda ake ji da kunne ɗaya ce.

Da damina abin ya faru, lokacin noman farko, da rana tsaka. Ba na wurin, abin da zan faɗa daga bakin Adama da maƙwabta na ji. Ya ajiye mota a ƙofar gida, ya shiga yana cewa kansa yana juyawa, bai kai ɗaki ba ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, kumfa tana fita a bakinsa. Adama ta yi ihu, mata suka cika gidan. Ta laluba aljihunsa ta ga ledojin ƙwaya babu komai a ciki. To, kun san abin da kowa ya sani a ƙasarmu, a Gella ne ko a Digil ko a cikin gari, gidan Musulmi ne ko na Kirista: in mutum ya sha abin da ya fi ƙarfinsa, madara da manja ake ba shi su karya dafin. Haka muka taso muka gani, ni ma kafin makaranta haka na ɗauka. Dada, kakarku, ta aika aka kawo madarar gwangwani, ta dama da manja a kofi. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta fuskarsa tana sama, wata maƙwabciya ta buɗe haƙoransa da cokali, Dada ta rinƙa ɗura masa tana kiran sunansa. Jijjigar ta tsaya, suka yi hamdala. Sai numfashinsa ya canza, ya koma kamar ana hura iska a cikin ruwa. A cikin motarsa aka sa shi, wani direba ya ja zuwa Mubi. Lokacin da saƙo ya iske ni na isa asibiti, an riga an rufe masa fuska.

Madam Rifkatu ce ta ja ni gindin wata bishiyar dalbejiya a harabar asibitin. Nas ce 'yar wajen duwatsun Michika, sashe ɗaya muke aiki, mace ce da ba ta iya kewaye ba.

"Malam Haruna, me aka ba shi a gida?"

Na gaya mata abin da na ji.

"Ƙwayar ce ta kayar da shi," in ji ta. "Amma irin wannan jijjigar mutane suna tashi daga ita. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya. Madarar hanyar iska ta bi, ta sauka a huhu."

"Kin tabbata?"

"Ni ba Allah ba ce. Amma na sha ganin irinsa, kai ma ka karanta."

Na karanta, gaskiya ne. A wurin zaman makoki aka ce zazzaɓi ne ya hau masa kai, kowa ya karɓa haka, har waɗanda suka san ba haka ba ne. Wannan bai dame ni ba, rufin asiri ne. Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne muryar Dada. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta gaya mata, da yaren Gude take faɗa, ni nake mayar muku da Hausa: "Na yi iyakar ƙoƙarina, har madara na ba shi da hannuna, amma kwana ya ƙare." Matan suna gyaɗa kai suna cewa ai kin yi abin da uwa take yi. Wannan maganar ita ce sandar da take dogarawa. Sai in tashi in fita waje, in zagaya gidan, in dawo in zauna, in sake tashi.

Bayan damina umarni ya zo daga sama cewa a fita wayar da kai a kan shan ƙwaya da tuƙi cikin maye, aka ɗora mu ni da Madam Rifkatu. Aka aiko mana da fosta mai hoton wani mutum riƙe da kwalba, a bayansa mota ta kife. Taro babba ba ya yiwuwa, jami'an tsaro sun hana, mutane ma da kansu ba sa son tsayawa inda aka cika. Sai muka rinƙa bin tasha-tasha da ƙaramar lasifika ta hannu, muna tarar da direbobi a inuwa suna jiran layi. Abu biyu muke son su ji. Na farko, kada mutum ya hau sitiyari da abu a kansa. Na biyu, in wani ya faɗi, kada a zuba masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. To, fostar nan ita ta fara kayar da mu. Direbobi Musulmi suna ganin kwalba sai su ce, Malam ka yi ɓatan hanya, kai wa masu burkutu, mu ba ma sha. Direbobi Kirista kuma su ce, mu tamu a fili take, ana jin warinta, ka je wurin masu ƙwaya da suke sahun gaba a masallaci. Da wasa suke faɗa, amma ni ba na jin wasa a ciki. Garin da bai gama binne mutanensa ba, ina tsoron kalma ɗaya daga bakin ma'aikacin gwamnati ta zama wuta. Sai na koma magana a dunƙule, wasu mutane, wasu abubuwa, a wasu lokuta. Wata rana muna komawa ofis Madam Rifkatu ta tsaya a kan hanya ta dube ni.

"Malam, kai da kanka ka gane abin da ka faɗa yau?"

Maganar madara kuwa dariya ta zama. A tashar motocin Gella da ke cikin Mubi, inda Buba ya yi rayuwarsa, ciyaman ɗin direbobi wani dattijo ne mai tumbi, Alhaji Njidda, mutumin kirki amma ba a kayar da shi a gardama. Ya saurari Madam har ta gama, ya gyara hula ya ce,

"Madam, tun kakanninmu madara ne yake karya dafi. Ke yau kika zo da takarda. To, nuna mana mutum ɗaya da madara ya kashe. Ɗaya tak, ni zan karɓi lasifikan nan in yi miki aikin."

Direbobi suka yi shewa. Ina tsaye da lasifika a hannu. Madam Rifkatu ba ta dube ni ba, kuma ina so ku sani, daga ranar har ta bar aiki ba ta taɓa ce mini in faɗi komai ba. Masu cewa ita ta tunzura ni ba su san ta ba. Abin ya ƙara lalacewa bayan 'yan kwanaki, da wani ɗan kamasho ya faɗi a tashar Digil aka ɗura masa madara, Allah ya sa ya yi amai ya farfaɗo. Labarin ya zagaye tashoshi, duk inda muka je sai a tare mu da shi: ga shi madara ta tashe shi, me kuma za ku ce? Ina kallon su suna kora ƙwaya da shayi da safe, cikinsu har da Markus, abokin Buba da yake bin bayansa a layi, ga matarsa da tsohon ciki. Na san in ya faɗi abin da za a yi masa, na kuma san masu ƙaunarsa ne za su yi.

Na kai maganar gida. Mahaifiyarku tana tankaɗe, ta ajiye rariyar.

"Ka bar mamaci ya kwanta, Malam."

"Ba don in ɓata shi ba ne. Ina ganin ƙila in sun ji suna..."

"To, Dada fa? Motocin da za ka yi wa magana ina suke kwana? Ba Gella ba? Kafin ka rufe baki ta ji. Tsohuwar nan abu ɗaya ya rage mata, shi za ka karɓe?"

"In wani ya mutu fa, ina sane?"

"In ta mutu fa, kana sane?"

Har yau ban ce ta yi kuskure ba. Na yanke cewa in zan faɗa, to Dada zan fara gaya wa, ta ji daga bakina a cikin ɗakinta. Na je Gella. Na zauna muka yi hirar gyaɗa, da rufin ɗaki da yake yoyo, da akuyar da ta ɓata. Ta tashi ta ɗauko hular Buba ta ce in riƙe, kaina da nasa ɗaya ne. Na karɓa na dawo Mubi ban ce komai ba. Na sake komawa, na sake dawowa. A zuwa na ƙarshe ta kalle ni ta ce,

"Kai kana ta sintiri kamar mai neman aure. Me ke bakinka?"

"Ba komai, Dada. Gaisuwa ce."

Ranar da na faɗa ban fito gida da niyyar faɗa ba, ko kuma na fito da ita ban yarda na sani ba, wannan ban tabbata ba. Da hantsi ne, ranar kasuwa, motoci suna ta lodi. Muna shiga tashar Alhaji Njidda ya ce, ga Malam Fosta ya iso, a ba shi benci. Markus yana zaune da kofin shayi, motarsa ce ta biyu a layi, mata sun riga sun cika ta da kwanduna. Na ga ya jefa abu a baki. A nan zan gyara abu ɗaya da na tabbata da shi: ba da lasifika na yi magana ba. Na ajiye ta a kan benci, kuma waɗanda suke wurin ba su fi cikin bas biyu ba. Na ce,

"Alhaji, ka ce a nuna maka mutum ɗaya. Kun san Buba."

Mai shayi ya daina kaɗa cokali. Na ce ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba, taramol yake sha, kuma da yawansu sun sani don tare suke saye. Na ce na zauna kusa da shi yana barci a kan sitiyari da iyayen mutane a bayansa. Na ce shi mai salla ne, bai taɓa riƙe kwalba ba, don haka kowa ya daina tura wa ɗan'uwansa fostar nan. Wani daga baya ya ce,

"Haba Malam, mamaci ne fa! Ƙaninka ne fa!"

"Ku bar shi ya faɗa," in ji Markus, bai ɗago kai ba. "Buba ne ya fitar da uwana daga garin nan."

Sai na faɗi sauran. Na ce da ya faɗi, mu 'yan gida muka ɗura masa madara da manja yana kwance rigingine, ta bi hanyar iska, kuma mai yiwuwa da an juya shi ta gefe an bar bakinsa, da yanzu yana cikin layin nan yana zagina. Alhaji Njidda ya dube ni.

"Wa ya ba shi?"

"Mu," na ce.

Bai sake tambaya ba. Kowa a wurin ya san ba na Gella ranar, kowa kuma ya san wadda take zama a ƙasa ta ɗora kan ɗa a cinya. Na yi tsammanin na ɓoye ta da kalmar nan, ashe ban ɓoye komai ba. Alhaji ya tashi ya cire babbar rigarsa, ya ce a shimfiɗa tabarma, ya kwanta a kai da tumbinsa.

"Madam, zo ki nuna a kaina. Na faɗi, na mutu rabi. Yaya za a yi da ni?"

Madam Rifkatu ta kira mutum biyu, ta nuna musu yadda za su lanƙwasa masa gwiwa su mirgino shi, su ɗaga haɓarsa. Suka yi ta nishi, wani ya ce wannan ai buhun masara ne, a nemo 'yan dako. Aka yi dariya, irin wadda ake yi da jiƙaƙƙen ido. Daga kwancen Alhaji ya ce Markus ya miƙa makulli ga wani yau, ya je gida ya kwanta. Markus ya yi gunaguni, amma ya miƙa.

Ba zan ce muku na canza tashar ba. Ƙungiyarsu ta sa doka cewa duk wanda aka ga yana tangaɗi ko lumshe ido ya rasa lodinsa na ranar, ta yi aiki na wani lokaci, daga baya ta yi sanyi. Wasu sun daina, wasu ba su daina ba, Markus ma sai da ya daɗe. Na ji an ce a wasu tashoshin in mutum ya faɗi ana cewa a yi masa kwanciyar Alhaji, amma ban gani da idona ba. Ƙarin girma kuwa, kun san matsayin da na yi ritaya a kai, shi ne wanda nake kai a waccan shekarar.

Maganar ta riga ni isa Gella, kamar yadda mahaifiyarku ta faɗa. Kafin la'asar Adama ta aiko cewa kada in sake taka ƙofarta, na mayar da 'ya'yanta 'ya'yan ɗan ƙwaya. Washegari Dada ta aiko in zo. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, a daidai wurin da aka ce ya faɗi. Na gaishe ta, ta amsa, ba ta daina ɓara ba. Na zauna a kan turmi. Na shirya maganganu da yawa a mota, duk suka gudu. Can ta ce,

"An ce ka ce madarar ce."

"Dada, abin da na ce shi ne..."

"Ba na son na ofis. A tasha ka iya magana, a nan ma ka iya. Da ban ba shi ba, da yana nan?"

Na so in ce Allah ne masani, kuma da na faɗi haka ban yi ƙarya ba. Amma da wannan amsar na yi ta zuwa ina komawa, kuma ta riga ta ji sauran daga bakin 'yan mota. Na ce,

"Ƙwayar ce ta kayar da shi, Dada. Madarar ta shiga inda bai kamata ba. Ina jin da ya tashi. Ba ki sani ba, babu wanda ya sani a gidan."

Ta dubi hannunta na dama, ta juya shi, ta goge a zani.

"Yanzu na sani," in ji ta.

Ni ne ɗanta na fari, kuma kun san al'ada. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Manga take ce mini, wato babba, ko ta ce kai wannan, ko a asibiti aka tambaye ta sunana sai ta sa wani ya faɗa. Kunya ce, kuma a wurin irin su Dada kunyar nan ita ce son. Ranar ta tattara ɓawon gyaɗar a faifai, ta miƙe da kyar, ta ƙi hannun da na miƙa mata.

"Haruna," ta ce, "tashi ka tafi tun da rana. Hanya ba kyau."

Ta yi shekaru bayan nan. Ba ta taɓa korata ba, ba ta taɓa mayar da abin da na aika ba, in na je tana amsa gaisuwa, tana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Maganar Buba ba ta sake shiga tsakaninmu ba, kuma ban sake jin ta ce wa kowa ta yi iyakar ƙoƙarinta ba. Idan kun je Gella ku gai da 'ya'yan Bappanku ko sun amsa ko ba su amsa ba, kada ku yi musu gardama a kaina, abin da suka rasa ya fi nawa. Ni dai abin da na biya ke nan. Har ranar da muka kai ta makwancinta, Haruna take kirana.